Jiran Ranar Wankin Jijiyar Haƙori: Abin da Magani Ke Iyawa da Inda Ya Tsaya

Wani abu da ke ɗaure wa masu zuwa asibitin haƙori kai a Sakkwato shi ne a duba mutum, a ɗauki hoton haƙorinsa, a ce masa jijiyar ta kamu sai an wanke ta, sannan a ba shi rana nan da mako biyu ko uku. Ya fito da takarda ɗauke da parasitamol da ibufurofen, magungunan da wataƙila yana da su a gida tun kafin ya zo. Ba allura, ba kafso. Da yawa kan ɗauka likita bai ɗauki ciwon nasu da muhimmanci ba, sai su biya ta kemis su cike abin da suke ganin an tauye musu.

Wannan takarda ba sakaci ba ne. A 2019 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ce mafi yawan ciwon jijiyar haƙori ga babban mutum mai lafiya ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. A 2024 kuma ta fitar da wata da ta sa ibufurofen da danginsa, su kaɗai ko tare da parasitamol, a sahun farko wajen rage zafin haƙori, gaba da magunguna masu bugarwa. Ƙa'idojin ba doka ba ne a Najeriya, amma likitocin haƙori a ƙasashe da yawa suna tafiya a kan irin wannan fahimta.

## Abin da ke faruwa a cikin haƙorin

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam kuma ba ya jin zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. A tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai taushin nama, inda jijiyar jin zafi da hanyoyin jini suke, suna bi ta cikin saiwa su fita ta ƙarshenta zuwa ƙashin muƙamuƙi. Wannan naman na tsakiya shi mutane ke kira jijiyar haƙori.

Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon. A nan kogo ke farawa. Babu tsutsa a ciki, duk da yadda maganar tsutsar haƙori ta zauna a bakin jama'a, kuma abin da masu turare baki ke nunawa a cikin ruwa ba daga haƙori ya fito ba. Matsalar ba ta yankinmu kaɗai ba ce: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kimanin biliyan 2 daga cikinsu da ruɓewar haƙoran girma.

Ciwon yana tafiya mataki-mataki. Da farko, ruwan sanyi ko zaƙi kan sa haƙori ya tsira, amma da an haɗiye sai ya lafa cikin daƙiƙu. A wannan mataki cike kogon ya wadatar. Idan aka bari ƙwayoyin suka isa ɗakin tsakiya, naman ya kumbura. Ko'ina a jiki kumburi yana samun wurin buɗawa, amma a nan bango ne mai tauri ta kowane gefe, kamar yatsan da ya kumbura cikin zobe. Shi ya sa zafin ke zuwa da bugu, ya taso ba tare da an ci komai ba, ya ɗauki mintuna bayan kurɓar shayi, ya harba zuwa kunne da gefen kai. Da dare kuma ya tsananta, saboda kwanciya na ƙara taruwar jini a kai. Wasu a wannan hali sai sun riƙe ruwan sanyi a baki suke samun sauƙi, kuma likitoci na ɗaukar hakan alamar cewa jijiyar ta yi nisa wajen lalacewa.

Sai mataki na uku, wanda ya fi ruɗar mutane: ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Mai shi ya gode wa maganin da ya sha ƙarshe, ya fasa komawa asibiti. Abin da ya faru a mafi yawan lokuta shi ne jijiyar ta mutu. Ƙwayoyin suna nan, yanzu ma sun samu wurin da jini ba ya kaiwa, suna gangarawa ta saiwa zuwa ƙashi. Bayan makonni ko watanni haƙorin zai fara ciwo idan an tauna, a ji kamar ya fi sauran tsawo, daga nan mugunya ta taru, kunci ya kumbura ko ƙurji ya ɓullo a dasashi.

Wankin jijiya, wanda a asibiti ake ce wa rut kanal, shi ne a kashe wurin da allura, a buɗe haƙorin ta sama, a kwashe naman da ya lalace, a wanke hanyoyin saiwa da ƙananan kayan aiki da ruwan magani, a cike su da wani abu mai kama da roba, a toshe. Haƙorin baya yakan buƙaci a sa masa hula daga bisani don kada ya tsage.

## Me ya sa ake ba da rana mai nisa

Aikin yana cin lokaci. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya ce a saiwarsa, amma turmi na baya yana da uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, kuma sai an yi ta ɗaukar hoto don a tabbatar an kai ƙarshen kowace. Zama ɗaya na iya kaiwa awa guda ko fiye, galibi kuma ba a gamawa a zama ɗaya. A lokacin da likita zai yi wa mutum ɗaya wannan aiki, zai iya cire haƙoran mutane da dama.

Ga kuma ƙarancin masu aikin. Likitocin haƙori a jihar sun taru ne a babban birni, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, da 'yan asibitocin kuɗi. Wanda ya taso daga Illela, Tambuwal ko Goronyo zai haɗa kuɗin aiki da kuɗin mota sau biyu ko uku. Ga mutanen Isa da Sabon Birni, matsalar tsaro a hanya ta ƙaru a kan lissafin. Wani jiran kuma ba daga asibiti yake ba, mai ciwon ne ke tara kuɗi.

Sai dai akwai abin da marasa lafiya da yawa ba su san suna iya tambaya ba. Ba dole ne a yi aikin gaba ɗaya kafin zafi ya sauka ba. Akwai matakin gaggawa: likita ya kashe wurin, ya buɗe haƙorin, ya cire sashen jijiyar da ke sama ko ya ba mugunya hanyar fita, ya sa magani da toshi na wucin gadi. Wannan ya fi cikakken aikin gajarta sosai, kuma shi ne ke sauke matsin da ke haddasa bugun. Wanda zafi ya hana shi barci duk da shan magani yana da dalilin komawa ya nemi a yi masa wannan kafin ranarsa ta zo.

## Maganin rage zafi da iyakarsa

Tushen ciwon kumburi ne, don haka maganin da ke rage kumburi ya fi dacewa da shi. Ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, yana aiki a wurin da kumburin yake. Parasitamol kuma yana aiki ta wata hanyar daban, a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Da yake hanyoyinsu sun bambanta, haɗa su ya fi ƙara yawan ɗaya daga cikinsu amfani.

Abin da aka saba ba babban mutum mai lafiya shi ne ibufurofen miligiram 400 duk bayan awa 6 zuwa 8, iyaka sau uku a rana, bayan an ci abinci, tare da parasitamol miligiram 500 zuwa 1,000. Ba a wuce miligiram 1,200 na ibufurofen a rana sai da umarnin likita. Ba a wuce miligiram 4,000 na parasitamol cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu 500, kuma mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki iyakarsa ta fi haka ƙasa. Shan su a kan lokaci a kwanakin da ciwon ya yi tsanani ya fi a jira sai ya taso a watsa ƙwaya huɗu lokaci guda. Yara kuwa da nauyinsu ake auna musu, ba a ba su rabin na manya da ka.

Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne ta ninkawa ba da sani ba. Magungunan mura da yawa suna da parasitamol a ciki. Ibucap yana ɗauke da ibufurofen da parasitamol duka. Dikulofenak, Feldene da asfirin 'yan gida ɗaya ne da ibufurofen, don haka haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara yiwuwar gyambon ciki da zubar jini. Haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda, ƙwayoyi kala-kala ba suna, sau da yawa irin wannan ninkin ne. Parasitamol da ya wuce kima kuma yana lalata hanta a ɓoye, ba ya nuna alama sosai a ranar farko.

Akwai waɗanda ibufurofen da danginsa ba nasu ba ne sai likita ya duba: mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini, mai asmar da irin waɗannan magunguna ke tayar masa, da mai juna biyu, musamman daga mako na 20. Mai hawan jini ma ya faɗa wa likita kafin ya fara. A nan yanayin Sakkwato ya shigo. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, jiki na zubar da ruwa, kuma ƙodar da ba ta samun isasshen ruwa ita ce waɗannan magunguna suka fi illatawa. Ɗan kabu-kabu ko lebura da ke yini a rana yana shan dikulofenak safe da yamma na tsawon makonni yana cikin haɗarin da ya fi na haƙorin.

Tiramadol wani batu ne. Masu goyon bayan ba da shi suna cewa akwai zafin da sauran magunguna ba sa iyawa, kuma gaskiya ne likita na iya rubuta shi na 'yan kwanaki ga wanda ba ya iya shan ibufurofen. Amma ba ya taɓa kumburi, yana sa jiri da amai, yana kama mutum, kuma gwaje-gwajen da aka gina ƙa'idar 2024 a kansu ba su nuna irin waɗannan magunguna sun fi haɗin ibufurofen da parasitamol a ciwon haƙori ba. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Mai 200 ko 225 da ke yawo a hannu haramtacce ne.

## Batun kafso

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin likita da mai ciwo. Mai ciwo ya ji an ce ƙwayoyin cuta ne, to me zai hana a ba shi abin kashe su? Amsar tana cikin yadda haƙori yake. Magani ta jini yake tafiya. Jijiyar da ta kumbura cikin rufaffen ɗaki jini kaɗan ke isa gare ta, wadda ta mutu kuma ba ya isa ko kaɗan. Amoksisilin, Ampiclox ko Flagyl za su zaga jiki su bar maɓoyar ƙwayoyin yadda take. Sauƙin da mutum ke ji bayan ya sha su, a matakin bugu, yawanci na maganin zafin da ya haɗa da su ne, ko kuma jijiyar ce ta mutu a daidai lokacin.

Amma ɗaya ɓangaren ma yana da hujja, kuma ƙa'idar 2019 ta yarda da ita. Idan cutar ta fita daga haƙori ta fara yaɗuwa, da zazzaɓi, kasala ko kumburin fuska, maganin ya zama dole, tare da aikin haƙorin. Haka idan mugunya ta taru kuma babu halin a taɓa haƙorin nan kusa, ko mai ciwon garkuwar jikinsa ta yi rauni. Likitan da ke duba wanda ya fito daga ƙauye mai nisa, ya san ba lalle ya iya dawowa cikin kwana biyu ba idan abin ya juya, zai iya yanke hukunci daban da likitan da ke Amurka. Wannan hukunci ne na wanda ya duba bakin, ba na mai saye a kanta ba.

Illar sayen kai-tsaye biyu ce. Kumburin ya sauka, mutum ya fasa aikin, bayan wata biyu ya dawo, a sake sha, har maganin ya daina tasiri. Sannan ga gudawa da ƙaiƙayi, da mummunan kamu ga wanda jininsa bai haɗu da dangin fenisilin, irin su Amoksisilin da Ampiclox, ba. Kafso ja da yalo kuwa, idan mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba ya sha, yana iya rina haƙoran yaron har abada.

## Abin da ake cusawa a kogo

Kanumfari yana da tushe. Man da ke cikinsa na kashe zafi na ɗan lokaci, kuma likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da shi a cikin toshin wucin gadi. Ɗan kaɗan a auduga, a kan kogon kawai, na iya ba da hutu. Zuba man tsantsa a dasashi yana ƙona shi, kuma ba a sa wa ƙananan yara. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi yana wanke wurin, ya rage tsamin dasashi. Amma ba ya kaiwa ga jijiya.

Sauran kuwa ɓarna suke ƙarawa. Asfirin, da garin Alabukun wanda asfirin ne da sinadarin kafeyin, sai an haɗiye suke aiki. Ɗora su a dasashi na barin farin ƙuna mai raɗaɗi. Ruwan batir, fetur, kananzir, kanwa da garin taba duk ana jin masu sawa. Idan zafin ya tsaya bayan haka, naman ne ya ƙone, kuma haƙorin da da za a iya cetowa yakan ƙare a cirewa.

Abubuwa masu sauƙi sun fi waɗannan tasiri: ɗaga kai da matashi biyu lokacin barci, tauna ta ɗaya gefen, barin ruwan ƙanƙara da shayi mai tururi, rage zoɓo da lemo da alawa, da ajiye goro, aya, rake da kilishi, domin haƙorin da ya yi kogo yana iya tsagewa, tsagar da ta kai saiwa kuma ba ta gyaruwa. A lokacin hunturu rufe baki da rawani ko mayafi na hana iska mai sanyi taɓa shi. Idan kunci ya kumbura, tsumma mai sanyi ake ɗorawa daga waje, ba gashi da ruwan zafi ba. Kuma a ci gaba da goge wurin a hankali da buroshi ko asuwaki, don barinsa da datti saboda tsoron zafi na ƙara kumburin dasashi.

## Alamun da ba a jira da su

Kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa. Wahalar haɗiye yawu, harshe ya ɗago, murya ta canza, baki ya kasa buɗuwa, numfashi ya yi nauyi. Zazzaɓi da rawar sanyi tare da kumburin fuska. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, sashen gaggawa zai nufa a wannan daren, ba asibitin haƙori da safe ba, domin cutar haƙorin ƙasa na iya toshe maƙogwaro cikin sa'o'i. Mai ciwon suga ya fi kowa saurin shiga wannan hali, kuma cutar kan sa sugan nasa ya hau.

Ga yara ƙanana, gyambon dasashi mai wari da kumburin kunci ba ciwon haƙori na yau da kullum ba ne, yana iya zama farkon cutar noma, wadda ke cin fuska cikin kwanaki. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

## Cirewa ko wankewa

Mai fama da zafi yakan ce a cire kowa ya huta. Cirewa ta fi araha, zama ɗaya ce, kuma tana kawar da tushen cutar nan take. Ga haƙorin da ya ruɓe har ƙasa da dasashi, ko ya tsage, ko ga wanda ya san ba zai iya dawowa sau uku ba, zaɓi ne mai ma'ana, ya fi wankin da aka fara ba a gama ba. Maganar cewa cire haƙorin sama na taɓa ido ba ta da tushe.

Masu fifita wankewa suna duba gaba. Giɓin turmi na sa maƙwabtansa su karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya, kuma cike giɓin daga baya da haƙorin roba ko dashe na iya fin kuɗin wankin. Ga matashi da haƙorin gaba, lissafin ya fi karkata ga ceto shi. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta tarayya ko shirin taimakekeniya na jiha, SOCHEMA, ya kamata ya tambayi abin da shirinsa ya ɗauka da abin da zai biya da aljihunsa, har da kuɗin hular, kafin a taɓa haƙorin.

## Mai ciki da mai azumi

Mata masu juna biyu da yawa kan ɗage zuwa asibitin haƙori sai sun haihu, wani lokaci da shawarar iyaye. Likitoci ba su hana aikin haƙori da allurar kashe wuri ga mai ciki ba, kuma watanni na huɗu zuwa na shida sun fi sauƙin zama a kujera. Barin mugunya a jiki na tsawon watanni ya fi aikin haɗari. Maganin zafinta parasitamol ne.

Ga mai azumi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa haƙa haƙori, cire shi da tsaftace shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa. Magunguna kuma ana raba su tsakanin buɗa-baki da sahur, da tazarar da aka faɗa, da ruwa mai yawa, ba a haɗa na yini a sha lokaci guda.

## Bayan zama na farko

Da an buɗe haƙori an cire jijiyar, bugun kan tsaya, ko da yake wurin na iya yin tsami na 'yan kwanaki idan an tauna. A nan mutane da yawa ke ɓacewa daga asibiti. Toshin da aka sa na makonni ne, yana zaizayewa, yawu ya shiga da sababbin ƙwayoyi, haƙorin da aka rarake cikinsa kuma ya fi saurin karyewa. Idan toshin ya faɗi kafin ranar komawa, a kurkure da ruwan gishiri, a daina tauna ta wajen, a koma a sake sa shi cikin kwana ɗaya ko biyu.